Tef ɗin Mai Walda ko Lissafin Manhaja: Wa Zai Yanka wa Iska Hanya?

Daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Ƙiru, in ka bi titin da ya gangara Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya nufi Doguwa, ginin da za ka fi gani a bakin hanya yanzu na bulo ne da kwano. Shaguna ne a jere, da sito-siton hatsi, da azuzuwan makaranta, da masallatan unguwa, da gidajen da manoma suka ɗora bayan kaka ta yi kyau. A jikin kowanne akwai ɗan abin da ba a cika kulawa da shi ba, wato kafar iska. Wani ya bar ta a saman taga, wani a ƙarƙashin rufi. Wani ya jera bulon ado mai huji, wani ya sa mai walda ya haɗa masa ragar ƙarfe, wani kuwa ya toshe tasa da kwali tun hunturun bara bai sake waiwayarta ba. A yawancin gine-ginenmu ita ce ta ƙarshe da ake shawara a kanta, sai kuɗin aiki ya kusa ƙarewa, alhali da ita za a san ko ɗakin zai kwantu a watan Afrilu.

Hanya biyu ake bi yanzu wajen samar wa wannan kafa raga daidai girmanta. Ta farko ita ce wadda muka saba: a gama gini, a kira mai walda ya zo da tef ya auna ramin da birkila ya bari, ya koma rumfarsa ya haɗa. Ta biyu ta shigo ne tare da samarin da suka karanta zanen gini a Zariya, ko Jami'ar Bayero, ko Wudil: tun kafin a haƙa tushe, mai zane ya ƙera ragar a cikin kwamfuta, ya sa ta riƙa miƙewa da tsukewa gwargwadon lambar da aka ba ta. Ina ganin kowacce tana riƙe da abin da ɗayar ba ta da shi, kuma ɗakunanmu suna shan zafi ne saboda masu bin hanyoyin biyu ba sa zama wuri ɗaya.

Sai dai kafin a auna su, ya kamata a san dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi yanzu fiye da da. Soron kakanninmu katangarsa ta tubali ce mai kauri, rufinsa azara ce da ƙasa, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama. Wannan 'yar taga ta wadatar, domin katangar ce ke yin babban aikin: ta sha sanyin dare ta riƙe, ta jinkirta zafin rana har sai la'asar ta yi sanyi. Da muka koma bulo mai inci 6 da rufin kwano, mun bar katanga mai kauri a baya amma mun taho da ƙaramar taga, saboda sirrin gida da tsoron ɓarawo. Kwano kuwa da hantsi yake ɗaukar zafi, ya sauke shi kan silin, silin ya sauke shi kan mutane. A bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a ƙasar Kano, ɗakin da ba shi da mafitar iska ta sama ba wurin kwana ba ne. Ba kuma maganar jin daɗi kaɗai ake ba. A annobar sanƙarau ta 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, Kano na cikin inda abin ya fi ƙamari, kuma likitoci sun daɗe suna danganta yaɗuwar cutar da cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa a lokacin zafi da ƙura.

Mai walda da ya san aikinsa ba ya yarda da maganar birkila. In an ce masa ramin ƙafa 2 ne, sai ya sa tef a sama, ya sa a tsakiya, ya sa a ƙasa, sannan ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, don ya san bango ba ya taɓa fitowa sak. Ƙaramin awon yake ɗauka, ya rage ɗan rabin inci don firam ya shige ba sai an fasa ba, ya bar kunnuwa a gefe da za a binne cikin siminti. Da alli yake rubutawa a ƙasan rumfa ko a bayan takardar buhun siminti. Ya san kaurin ƙarfen da ke kasuwa a wannan makon, ya san wanda zai lanƙwashe in ya sha wuta, ya san guntayen da suka rage masa daga ƙofar da ya haɗa jiya, waɗanda za su iya zama haƙarƙarin raga mai gida ya sami sauƙi. In ya kawo aiki bai shiga ba, nan take zai sa giranda ya gyara. Wannan ilimi ne na gaske, kuma babu manhajar da ke ɗauke da shi.

Raunin hanyarsa shi ne tambayar da ba a taɓa yi masa ba. Mai gida zai ce, “Malam, a matse sandunan kada hannu ya shiga,” ko ya ce, “A rage ƙarfe, kuɗin ya yi yawa.” Da wuya ka ji an ce, “Iska nawa za ta wuce?” Tazarar haƙarƙarin tsoron ɓarawo ne da tsadar ƙarfe ke yanke ta. Girman ramin kuwa tun farko birkila ne ya yanke shi, sau da yawa don nan ne bulo ya ƙare masa daidai. Mai walda ya zo ne bayan an gama kuskuren, aikinsa shi ne ya rufe ramin da kyau, ko da ramin ya yi wa ɗakin kaɗan. In kuma gini ne mai kafa 30, kamar makaranta, zai tarar da awo 30 mabambanta, kowacce raga sai da nata yankan, ranar da ɗaya ta ruɓe kuma babu wadda za a ɗauko a maye gurbinta da ita.

Hanyar kwamfuta ta faro daga can ɗaya ƙarshen. Lokacin da AutoCAD ya fito a 1982, layi kawai ake ja da shi, kamar a takarda, in girman raga ya sauya sai an sake zane. Manhajojin da suka biyo baya, irin su ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke Hangare, da Revit wanda ya fito a 2000 kamfanin Autodesk ya saye shi a 2002, sun zo da wani tunani dabam. A cikinsu ba hoton raga ake zanawa ba, ƙa'idarta ake kafawa. A Revit ana kiran irin wannan kaya iyali, domin uwa ɗaya ce ke haifar da girma iri-iri.

Yadda ake ƙera ta ya cancanci a tsaya a kai, don a nan amfanin yake. Mai zane yana fara jan layukan jagora huɗu, hagu da dama, sama da ƙasa, ya ɗaure tazararsu da ma'auni biyu masu suna, faɗi da tsawo. Sai ya zana firam ya kulle gefunansa a jikin layukan, ta yadda in layi ya matsa firam zai bi shi. Sannan ya ƙera haƙarƙari guda ɗaya tak, da kaurinsa da karkatarsa, ya umarci manhajar ta jera shi daga ƙasa zuwa sama. Yawan jerin ba da hannu yake sa shi ba, lissafi yake rubutawa: tsawon cikin firam a raba da tazarar da ake so. In tsawon ciki milimita 250 ne, tazara 50, haƙarƙari 5 za su fito. A mayar da shi 550, su zama 11 ba tare da an taɓa komai ba. Daga nan sai gwaji, wanda gaggawa ke sa da yawa su tsallake: a ba ta ƙaramar lamba, a ba ta babba, a ga ko wani sashe zai ɓalle. A tsofaffin fitowar Revit, in lissafi ya sauko ƙasa da haƙarƙari 2 jerin yakan karye, don haka mai zane mai hankali yana sa wa girman iyaka ta ƙasa da ta sama. Akwai kuma zaɓin da ke da tasiri a wurin aiki: ko a ɗaure girman ga nau'i, duk ragogin nau'in su sauya tare, ko a bar kowacce da nata girman. Na farkon shi ke hana makaranta ɗaya ta ƙare da awo 30.

Da an shuka wannan iyali a bangon zanen, manhajar za ta fitar da jadawali: raga kaza mai girma kaza, a ɗaki kaza. In an koya mata, za ta faɗi tsawon ƙarfen da za a saya. Mafi muhimmanci a wurina, za ta faɗi filin da iska ke da shi da gaske bayan an cire firam da haƙarƙari, wanda ido ba ya iya kimantawa.

Ga misali da lissafin da kowa zai iya bi. Rami mai milimita 600 a 300, a sa masa firam na ƙarfen kusurwa mai faɗin 25, cikinsa ya koma 550 a 250. Haƙarƙari 5, kowanne ya bar gibin 30 a buɗe. Filin iska ya zama kashi 46 cikin 100 na ramin, wato fiye da rabi ya tafi ga ƙarfe. In ramin 300 ne a 300, sai ya sauko kusan kashi 42, don firam ya fi cin ƙaramin rami. In 1,200 ne a 600, ya haura kusan kashi 53. Ke nan babbar kafa ɗaya ta fi ƙanana da yawa da suka kai girmanta a jimla, kuma ta fi su arhar ƙarfe. Dokokin gini na ƙasashe da dama suna neman wurin shigar iska ya kai kashi 1 cikin 20 na faɗin daɓen ɗaki. Ɗakinmu na ƙafa 12 a 12 yana da kusan murabba'in mita 13, yana buƙatar kusan 0.65 ke nan. Ragar nan ta 600 a 300 abin da take bayarwa bai kai 0.09 ba. Da dare, in an kulle taga saboda sauro da ɓarayi, ita kaɗai ta rage wa mutanen da ke kwance a ciki. Duk mai gidan da aka nuna wa wannan lissafi kafin a ɗora linta zai sake shawara, kuma wannan shi ne abin da tef ba zai taɓa yi masa ba, don tef yana zuwa ne bayan siminti ya bushe.

To amma kwamfuta ma tana da nata makantar, kuma ba ƙarama ba ce.

Bangon cikin manhaja miƙe yake sak har zuwa milimita ɗaya. Bangon gine-ginenmu kuwa hannun mutum ne ya ɗora shi, da bulon da aka buga a bakin titi, wanda a ƙa'ida 450 ne a 225 amma kowane injin bugu da ɗan bambancinsa, ga kaurin simintin haɗi ya danganta da birkila, ga filasta ta zo ta ci nata. Saurayin da ya ga manhaja tana karɓar kowace lamba yakan ɗauka kowace lamba daidai ce. Sai ya rubuta tsawon 635, birkila ya rasa yadda zai yi sai ya sassare bulo ko ya cike da turmi. Girman da ake iya sauyawa yadda aka ga dama tarko ne in ba a ɗaure shi da kayan da ke ƙasa ba. Tsawon kafa ya kamata ya bi layin bulo, ɗaya ko biyu ko uku, faɗinta ya bi bulo da rabinsa.

Haka ma ƙarfe. Farantin ƙarfe a kasuwa ƙafa 4 ne a 8, tsawonsa kusan milimita 2,440. Haƙarƙari mai tsawon 600 zai fito sau 4 a tsawon farantin, 40 kacal ya rage. A ƙara masa 50 kawai ya zama 650, sai 3 su fito, kusan rabin mita ya tafi a guntu. Mai walda ya san wannan ba tare da ya taɓa biro ba. Manhajar ba ta sani ba sai an gaya mata, wanda zai gaya mata kuma sai ya taɓa tsayawa a rumfar walda ya ga yadda ake yanka.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar sauke raga shiryayya daga intanet a manna a zane. Yawancin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke rabawa an yi su ne don bakin bututun na'urar sanyaya ɗaki, na alminiyom, da girman da ke cikin kundin kayansu. Ba su san ɓarawo ba, ba su san sauro ba, ba su san ƙurar hunturu ba. A zane suna da kyau. In takardar ta iso Tudun Wada babu mai sayar da su, sai ɗan kwangila ya ce wa mai walda, “Oga, yi mana mai kama da wannan,” a ƙare da abin da ba lissafin kwamfuta a cikinsa, ba kuma dabarar mai walda. Wannan ya fi kowace hanya cikin biyun muni.

Ga kuma tsada. Lasisin Revit yana kaiwa wajen dala 3,000 a shekara, sai a kan Windows yake aiki, yana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Ɗalibai suna samunsa kyauta muddin suna makaranta, kuma akwai FreeCAD da ba a biya, wanda fitowarsa ta 1.0 a Nuwamban 2024 ta zo da sashen zanen gini a ciki. Duk da haka, manomin da ke ɗora ɗaki biyu a ƙauyen Ƙiru ba zai ɗauki mai zane don kafar iska ba, ba kuma zan ce ya ɗauka ba.

Inda ƙananan hukumomi huɗu, Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, suka sa kwatancin ya yi armashi shi ne buƙatarsu ba ɗaya ba ce, ko da yake maƙwabta ne. A Bebeji akwai madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga tafkin Bagauda, ruwa kwance shekara duka da noman rani a gefensa. Kafar da ba ta da ragar sauro a nan ƙofa ce aka buɗe wa zazzaɓi. Binciken da aka yi a Farafenni ta ƙasar Gambiya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2009, ya nuna sa wa gida raga ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara. Sai dai ragar sauro tana rage iska, in ƙurar hunturu ta liƙe mata kuma ta kusa zama bango. Dole ramin ya ƙara girma don a rama, wannan aikin lissafi ne. Dole kuma a yi mata ɗan firam nata da za a iya zarewa a wanke, wannan kuwa dabarar hannun mai walda ce.

Can Doguwa, wajen duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, ruwan sama ya fi na arewacin jihar Kano yawa, hadari kuma daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Ragar bangon gabas tana buƙatar haƙarƙari masu karkata sosai, kowanne ya ɗan rufe na ƙasansa don feshi kada ya shiga, kuma duk ƙarin karkata ragin iska ne. A manhaja lamba ɗaya za a sauya a ga abin da aka yi asara, a faɗaɗa ramin tun a zane. A rumfar walda sai damina ta farko ta jiƙa buhuna kafin a gane.

Buhunan nan su ne babbar magana a Tudun Wada da Doguwa, ƙasar masara da shinkafa. Sito yana son kafa a ƙasa da iska za ta shiga, da wata can sama da zafi da danshi za su fita, don iska mai zafi sama take yi. Masarar da ta kwana cikin danshi takan yi fumfuna mai guba da ke lalata hanta, ta kuma zubar da farashi. Amma kafar ƙasa hanyar ɓera ce, sai an sa mata waya mai ƙananan idanu, kamar rubu'in inci, ta sama kuma hanyar tsuntsu ce. Ɗakin janareta shi ma yana son mashiga da mafita, bututun hayaƙinsa kuma ya fita waje gaba ɗaya. Babu girman ragar da zai sa kwana kusa da janareta ya zama lafiya, don gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari.

In aka ce in zaɓi ɗaya, amsata ta danganta da ginin. Ɗaki biyu na mai ƙaramin ƙarfi, mai walda ya ishe shi, da sharaɗin a kira shi tun bango yana ƙasa da linta, a zauna da shi da birkila a yanke girman kafar tare, a kuma yi ta a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Amma makaranta, da asibitin sha-ka-tafi, da sito mai cin ɗaruruwan buhuna, da duk ginin gwamnati da za a maimaita a gari goma, barin kafarsu ga abin da ya rage wa birkila sakaci ne da dukiyar jama'a da lafiyarsu. A nan manhaja ta fi, nesa ba kusa ba, don ita kaɗai ke tilasta a yi tambayar iska a lokacin da amsar za ta yi amfani.

Sai dai fa iyalin da za a ƙera a cikinta ya zama namu. A gina shi da ƙarfen da ake samu a kasuwar Kano, da layin bulonmu, da gurbin sandunan tsaro da na ragar sauro, da girma uku ko huɗu kacal maimakon talatin. Takardar da za a miƙa wa mai walda ta zama shafi ɗaya, da milimita da inci gefe da gefe, don tef ɗinsa inci yake karantawa. A fara haɗa guda ɗaya a kafa a bango, a watsa mata ruwa da bokiti daga waje, a ga abin da ya shiga kafin a yanka sauran. Awon ƙarshe kuma a bar wa mai walda bayan an yi filasta, in ya saɓa da na kwamfuta a gyara lambar a jadawali. Hakan na nufin zai zo wurin aiki sau biyu ko uku maimakon sau ɗaya, kuma daga Tudun Wada zuwa ƙauyukan bayan Falgore kuɗin mai ba wasa ba ne. Mai ƙididdigar aiki ya sa wannan zirga-zirga cikin kuɗin kwangila tun farko, don in ba a biya shi ba ba zai zo ba.